Kafin mu ce ɗalibi ba ya sha'awar wata sana'a, mu duba ko ya taɓa gwada ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi ɗaliban jami'a da iyayensu da mu malamansu, wato yadda halin ɗalibi da yardar da yake da ita ga iyawarsa suke tsara irin aikin da zuciyarsa take karkata gare shi. Na daɗe ina koyar da 'yan shekarar farko, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan jin da nake yi ana yanke wa matashi hukunci da magana ɗaya. A ce wannan mai kunya ne, aikin lauya ba nasa ba ne. Wannan mai surutu ce, ba za ta iya zaman ɗakin bincike ba. Wancan kuwa ai da bakinsa ya ce ba ya son lissafi, a ƙyale shi. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa hali karkatar da ɗalibi kawai yake yi, abin da ya fi rufe masa ƙofofi kuwa shi ne zaton da yake yi cewa ba zai iya ba, kuma wannan zato abu ne da jami'a take da ikon ƙarfafa shi ko ta kawar da shi a cikin shekara ɗaya ko biyu.

Ba na musun cewa hali yana da rabonsa. Masanin da ya fi kowa suna a wannan fage shi ne John Holland, Ba'amurken da ya yi aikin tantance sojoji a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya lura cewa mutanen da yake yi wa tambayoyi suna faɗawa cikin wasu 'yan rukunai masu maimaita kansu. A shekarar 1959 ya fara wallafa ra'ayinsa, wanda ya tsaya a kan rukunai shida. Akwai masu son aikin hannu da injuna da aikin fili, akwai masu son bincike da warware matsala, akwai masu son ƙirƙira da fasaha, akwai masu son koyarwa da taimakon jama'a, akwai masu son jagoranci da ciniki da shawo kan mutane, sannan akwai masu son tsari da lissafin kuɗi da adana bayanai. Ya ce wuraren aiki ma haka suke kasuwa, kuma kowa yana neman wurin da ya yi kama da shi. Wannan magana ce mai ma'ana, kuma har yau ofisoshin ba ɗalibai shawara a ƙasashe da yawa da ita suke aiki. Sai dai masu yaɗa ta sukan manta cewa Holland bai taɓa cewa mutum rukuni ɗaya ne tak ba, domin da rukunai uku mafi rinjaye yake siffanta kowane mutum da kowace sana'a. Haka kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa dacewar mutum da aikinsa tana ƙara masa gamsuwa, amma ba da yawa kamar yadda aka yi tsammani ba, saboda albashi da shugaban da aka samu da abokan aiki duk suna da nasu tasirin.

Masana ilimin halayyar ɗan Adam sun fi auna hali a yau da ma'aunai biyar: yadda mutum yake buɗe zuciyarsa ga sabon abu, yadda yake riƙe nauyi da tsari, yadda yake sakewa cikin jama'a, yadda yake da sauƙin kai da daɗin zama, da kuma yadda damuwa take saurin kama shi. A shekarar 2002 Lisa Larson da Patrick Rottinghaus da Fred Borgen sun tattara binciken da aka yi a kan alaƙar waɗannan ma'aunai da rukunan Holland. Alaƙa mafi ƙarfi da suka samu ita ce tsakanin buɗe zuciya ga sabon abu da son ayyukan fasaha, sai ta sakewa cikin jama'a da son jagoranci da ciniki. Amma ko mafi ƙarfin nan ba ta bayyana kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin da ke tsakanin mutane ba, son aikin hannu da injuna kuwa kusan babu wani ma'auni daga cikin biyar ɗin da yake nuna shi. Ke nan wanda ya dubi halin yarinya ya ce ba ta yi kama da injiniya ba, ba shi da wata hujja daga ilimi, ra'ayinsa kawai ya faɗa. Ko a harkar ciniki, inda kowa yake ganin sai mai baki, Adam Grant ya duba cinikin ma'aikata 340 masu sayar da kaya ta wayar tarho a wani bincike na 2013, ya tarar cewa waɗanda suka fi kawo kuɗi su ne 'yan tsaka-tsaki, masu iya magana kuma masu iya yin shiru su saurari mai saye. Halin da aka ga yana amfanar mutum a kowace irin sana'a, tun daga nazarin Murray Barrick da Michael Mount na 1991, shi ne riƙon nauyi da cika aiki, kuma wannan hali bai keɓanta da wata tsangaya ba.

Akan ce hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki, domin wanda ya fi sa'o'insa kunya yana yaro yakan kasance ya fi su kunya har girma. To amma zanen bai gama zama ba a shekarun jami'a. Brent Roberts da abokan aikinsa sun haɗa bincike 92 da aka bi mutane na tsawon shekaru, suka wallafa sakamakon a 2006, kuma abin da ya fito shi ne cewa hali ya fi canzawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, inda yawancin mutane suke ƙara natsuwa da riƙon nauyi da ƙarfin tsayawa a gaban jama'a. A ɗaya ɓangaren kuma, wani nazari na 2005 da Douglas Low ya jagoranta ya nuna cewa sha'awar sana'a tana yin ƙarfi ta kafu ne daga wajen shekara 18 zuwa 22, daga nan ba ta cika motsawa ba har tsawon shekaru. Idan aka ajiye waɗannan sakamako biyu kusa da juna, abin da ya kamata ya tayar wa kowane malami hankali zai bayyana. Ɗalibi yana kulle sha'awarsa a daidai lokacin da halinsa bai gama nuna ba, wato yana yanke wa mutumin da zai zama yana ɗan shekara 35 hukunci bisa tsoron da yake ji yana ɗan shekara 19.

A nan ne maganar yarda da kai take shigowa, kuma ina so a fahimci abin da nake nufi da ita. Albert Bandura, haifaffen Kanada wanda ya yi kusan duk rayuwar aikinsa a Jami'ar Stanford, ya bayyana a 1977 cewa abin da yake sa mutum ya tunkari aiki, ya sa ƙarfi, ya kuma daure idan ya ci karo da wahala, shi ne imanin da yake da shi cewa zai iya wannan aikin musamman. Abin yana bin aiki ne ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi yana iya kasancewa ya amince da kansa sarai wajen rubuta rahoto, amma gabansa ya faɗi idan aka ce ya tashi ya kare rahoton a gaban aji. Saboda haka ɗaga murya da cika baki ba sa cikin lissafi, kuma sau da yawa ɗalibin da ya fi kowa shiru a aji shi ne ya fi kowa sakankancewa da abin da hannunsa yake iyawa.

Nancy Betz da Gail Hackett ne suka fara kai wannan ra'ayi fagen zaɓen sana'a. A 1981 sun tambayi ɗaliban jami'a 235 a Amurka game da sana'o'i 20, goma waɗanda maza suka fi yawa a cikinsu, kamar injiniya da likita da akanta, goma kuma waɗanda mata suka fi yawa, kamar koyarwa a firamare da aikin sakatare da jin daɗin jama'a. Tambayar ita ce ko suna ganin za su iya kammala karatun sana'ar su kuma riƙe aikinta. Samarin sun ce za su iya ɓangarorin biyu kusan daidai wa daida. 'Yan matan kuwa sun amince da kansu a sana'o'in da aka saba ganin mata, amma amincewar ta yi ƙasa sosai da aka zo kan na maza, alhali da aka duba makin da suka ci a jarrabawar shiga jami'a, a lissafi da harshe, babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu da samarin. Kuma sana'o'in da kowa ya ce zai iya dubawa a rayuwarsa sun bi sawun wannan amincewa. Daga baya, a 1994, Hackett tare da Robert Lent da Steven Brown suka tsara bayanin yadda abin yake tafiya: mutum yana fara sha'awar abin da yake ganin zai iya kuma yake ganin zai haifar masa da alheri, sha'awar ta sa ya ƙulla niyya, niyyar ta sa ya yi ta gwadawa, gwajin ya kawo ƙwarewa, ƙwarewar kuma ta dawo ta ƙara masa amincewa. Haka nan idan aka juya, wanda ya ɗauka ba zai iya ba ba zai gwada ba, wanda bai gwada ba ba zai ƙware ba, daga ƙarshe rashin ƙwarewar ya zama masa shaidar cewa dama can ya faɗa.

Wannan ne ya sa ba na karɓar "ba na so" daga bakin ɗalibi kai tsaye. Idan na zauna da shi na tambaye shi yaushe ya fara ƙin darasin, galibi akwai ranar da zai iya nunawa: ranar da aka karanta makinsa a gaban aji, ko ranar da ya yi tambaya aka yi masa dariya, ko zangon da aka yi babu malamin darasin gaba ɗaya sannan aka zo aka ɗora na gaba a kan abin da ba a koya ba. Wani kuma bai taɓa kusantar abin ba sam. Yana cewa ba ya sha'awar rubuta manhajar kwamfuta, alhali bai taɓa rubuta layi ɗaya ya ga ya yi aiki ba. Linda Gottfredson ta yi bayani a 1981 cewa yara suna fara cire sana'o'i daga lissafinsu tun suna shekara 6 zuwa 8 bisa abin da suke gani na maza ne ko na mata, sannan daga shekara 9 zuwa 13 su cire waɗanda suke ganin sun yi wa gidansu ƙanƙanta ko sun fi ƙarfinsu. Ɗalibin da yake shigowa jami'a ya riga ya soke sana'o'i masu yawa tun kafin ya mallaki hankalin auna su, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ya koma ya sake dubawa.

Shekarar farko kuma tana da nata haɗarin. Herbert Marsh ya nuna tun 1984 cewa mutum yana auna iyawarsa ne da waɗanda ke kewaye da shi, ta yadda ɗalibai biyu masu ƙoƙari iri ɗaya, wanda yake cikin haziƙai zai raina kansa fiye da wanda yake cikin matsakaita. Ya kwatanta abin da babban kifi a ƙaramin tafki. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a sakandare yana shiga babban ɗakin lakca ya tarar da ɗaruruwan da su ma na ɗaya suke zuwa a nasu makarantun, sai jarrabawar farko ta ba shi makin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa. Ƙwaƙwalwarsa tana nan yadda take, amma shi abin da zai karanta a takardar sakamakon shi ne cewa wannan fanni ba nasa ba ne. Elaine Seymour da Nancy Hewitt sun yi hira da ɗalibai 335 a manyan makarantu bakwai na Amurka, suka wallafa abin da suka gano a 1997, cewa waɗanda suka bar fannonin kimiyya da injiniya ba su bambanta da waɗanda suka zauna ba ta fuskar basira, kuma dukkansu kuka ɗaya suke yi a kan yadda ake koyarwa da yadda makin farko yake karya gwiwa. Wani bincike na 2016 da Jessica Ellis ta jagoranta ya gano cewa bayan darasin farko na kalkulas, wato wani reshe na lissafi mai zurfi, yiwuwar mace ta bar hanyar kimiyya ta ninka ta namiji sau ɗaya da rabi ko da shirinsu ɗaya ne, kuma mata sun fi maza ba da dalilin cewa ba su fahimci darasin yadda za su iya ci gaba ba.

Dole in faɗa wa 'yan uwana malamai gaskiya a nan. Akwai ɗabi'ar da wasu daga cikinmu suke alfahari da ita, ta shiga aji ranar farko a sanar da ɗalibai cewa rabinsu ba za su tsallake ba. Mai yin haka yana ganin yana kare martabar fanninsa ne kuma yana zaburar da malalata. Amma wanda wannan magana take kora ba lallai ne ya zama mai rauni ba. Wanda ya fi jin ta a jikinsa shi ne wanda dama yake shakkar ko wurin nasa ne, wato wanda babu mai digiri a gidansu, ko wadda ta waiga ta ga mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ajin, ko mai saurin damuwa wanda da zai natsu da ya fi kowa. Mai cika baki kuwa ko a jikinsa, domin bai taɓa zaton da shi ake ba. Irin wannan tacewa ƙarfin zuciya take aunawa, kuma fannin yana asarar mutanen da ƙasa take bukata ba tare da kowa ya lura ba.

Bandura bai tsaya ga siffanta matsalar ba, ya faɗi inda amincewa take fitowa, kuma ya jera hanyoyin bisa ƙarfinsu. Wadda ta fi kowace ƙarfi ita ce mutum ya yi abin da hannunsa ya ga ya yiwu. Sai ganin wani irinsa ya yi, sai ƙarfafa gwiwa ta baki, sai kuma yadda mutum yake fassara bugun zuciya da gumin da yake ji idan aiki ya tunkaro. Abin da yake ba ni takaici shi ne yadda muka fi zuba ƙarfi a kan ta ukun. A tara ɗalibai a babban zaure, a kawo mai iya magana ya ce musu su yarda da kansu, babu abin da ya gagare su, a tafa a watse. Zafin irin wannan jawabi ba ya wuce jarrabawar da ke gaba. Ɗalibin da aka ba ƙaramin aiki a mako na uku, ya haɗa wayoyin lantarki fitila ta kama, ko ya auna jinin gwaji ya samu amsar da ta dace, ko ya tsaya minti biyar ya kare wata hujja a gaban mutum goma, ya samu shaidar da babu mai ƙwace masa. Sharaɗin dai shi ne aikin ya kasance yana da 'yar wahala ta gaske, domin ɗalibi ya san lokacin da ake lallashinsa, kuma nasarar da aka samu a ɓagas ba ta gina komai. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun haɗa bincike 225 a kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi, suka samu cewa inda lakca zalla ake yi kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai suke faɗuwa, inda kuwa ake sa su aiki da tattaunawa a cikin aji adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 22. Kowane ɗalibi da ke cikin wannan tazara mutum ne da zai iya fita yana cewa fannin ba ya burge shi.

Hanya ta biyun ma ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Ganin babban farfesa yana burge ɗan shekarar farko, amma ba ya sa ya ce shi ma zai iya, saboda tazarar ta yi nisa. Wanda yake yi masa tasiri shi ne ɗan shekara ta uku da ya fito daga irin makarantar da ya fito, wanda zai gaya masa cewa shi ma ya sha wuya a wannan darasi kuma ga yadda ya yi. Tara Dennehy da Nilanjana Dasgupta sun gwada wannan da ɗalibai mata 150 masu fara karatun injiniya, a binciken da suka wallafa a 2017. An haɗa wasu da ɗalibai mata na ajin gaba don su ja musu gora, wasu da ɗalibai maza na ajin gaba, wasu kuma ba a haɗa su da kowa ba. A ƙarshen shekara babu ko ɗaya da ta bar injiniya daga cikin waɗanda aka haɗa da mata, alhali kashi 82 cikin ɗari ne suka zauna a rukunin da aka haɗa da maza, kashi 89 kuma a rukunin da ba su da kowa. Abin lura shi ne cewa yawan maki bai nuna wadda za ta zauna ba, amincewa da kai da jin cewa wurin nata ne su suka nuna.

Kada a ɗauka ina kira ne a hura wa ɗalibai kai. Amincewar da ba ta da tushe ita ma tana ɓatar da mutum. Justin Kruger da David Dunning sun nuna a 1999, da ɗaliban Jami'ar Cornell, cewa waɗanda suka zo can ƙasa a wasu gwaje-gwaje suna zaton sun fi fiye da rabin sa'o'insu. Ɗalibin da ya dage sai ya zama likitan tiyata alhali ba ya iya zaman karatun awa ɗaya yana bukatar a gaya masa gaskiya, kuma maganinsa ɗaya ne da na mai raina kansa, wato a sa shi aikin na haƙiƙa a kuma ba shi gyara dalla-dalla. Maki kaɗai ba gyara ba ne. Idan malami ya rubuta 38 a saman takarda ya miƙa, ɗalibi zai cike sauran bayanin da kansa, kuma mai saurin damuwa zai cike shi da mafi munin fassara. Idan kuwa ya rubuta cewa hanyar da aka bi daidai ce, a mataki na uku aka kauce, ga abin da za a sake dubawa, to makin bai canza ba amma ɗalibin ya san matsalarsa tana da iyaka kuma tana gyaruwa.

Ina kuma jan hankalin matasa game da gwaje-gwajen hali da suka cika intanet, waɗanda ake amsawa cikin minti goma a ba mutum haruffa huɗu da jerin ayyukan da wai suka dace da shi. Yawancinsu kwaikwayon ma'aunin da Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara ne tun shekarun 1940, wanda ya kasa mutane gida 16. Matsalarsa ita ce yawancin mutane a tsakiya suke, ba su cika sakewa ba kuma ba su cika kamewa ba, shi kuwa ma'aunin sai ya tura mutum ɓangare ɗaya, shi ya sa mutane da yawa idan suka sake amsawa bayan 'yan makonni sukan samu wasu haruffan daban. Masu mallakar ma'aunin da kansu sun ce kada a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata. Ba laifi ba ne ɗalibi ya amsa don ya samu abin da zai fara tunani a kai, amma na ga waɗanda suka rungumi haruffan suka mai da su uzurin guje wa duk abin da yake ba su tsoro, kuma wannan asara ce babba.

Na san mai karatu zai ce duk wannan magana ce ta wanda yake da zaɓi. Ɗalibai da yawa ba kwas ɗin da suka nema aka ba su ba, wasu iyaye ne suka zaɓa musu, wasu kuma abin da kawai suke dubawa shi ne inda za a samu aiki bayan an gama. Wannan gaskiya ne, kuma su kansu Lent da abokansa sun sa abin da mutum yake tsammanin samu da kuma shingayen da ke gabansa a cikin bayaninsu. Wanda yake da ƙanne a wuyansa yana da damar ya fifita albashi a kan abin da ransa yake so, kuma babu wanda ya isa ya zarge shi. Amma wannan hujja tana ƙara wa maganata nauyi ne. Idan har sha'awa tana tsirowa daga iyawa, to wanda aka jefa shi fannin da bai nema ba bai yi asarar rayuwarsa ba, domin da koyo akan iya, kuma abin da aka iya yakan shiga rai. Na sha ganin ɗalibin da ya shigo yana neman hanyar canza sashe, aka dace da malamin da ya sa shi wani ƙaramin bincike ya yi kyau, ya ƙare yana neman digiri na biyu a fannin da ya zo yana ƙi. Ba kowa ne haka take faruwa da shi ba, kuma wanda ya gwada da gaske na tsawon lokaci ya ga zuciyarsa ba ta kwanta ba ya cancanci a sauƙaƙa masa hanyar canji ba tare da an ɗauke shi wanda ya gaza ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassa su dubi darussan shekarar farko, su ba da su ga malaman da suka fi iya koyarwa, su tabbatar kowane ɗalibi ya taɓa aikin fannin da hannunsa kafin jarrabawar farko, su kuma haɗa sababbi da 'yan ajin gaba a hukumance. Masu ba da shawara a jami'o'i, idan ɗalibi ya ce ba ya son wani fanni, su raba masa tambayar gida biyu, ko yana sha'awa da kuma ko yana ganin zai iya, domin inda sha'awa take da ƙarfi amma amincewa ta yi ƙasa nan ne aikinsu yake. Iyaye kuma su yi hattara da laƙabin da suke liƙa wa 'ya'yansu tun suna ƙanana, na cewa wannan ba shi da kan lissafi ko waccan ba ta iya magana ba, domin yaro yana riƙe irin wannan magana fiye da yadda mai faɗinta yake zato. Kai kuma, Malam Edita, ina ba da shawarar jaridarka ta buɗe wani shafi da za a riƙa tattaunawa da likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malamai da masu kasuwanci, a tambaye su darasin da ya fi ba su wuya a shekararsu ta farko, da makin da suka ci, da kuma wanda ya taimake su suka tsallake.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin jami'a kuma mai karanta wannan jarida